ANYA KUWA? Kalmar da Bahaushe ke nuna shakka da ita ba tare da ya ce ka yi ƙarya ba

Waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau kalma ɗaya tak na ɗauko mana. Ƙarama ce, haruffa huɗu, kuma na tabbata babu wanda ke karanta wannan da bai faɗe ta ba a cikin makon nan. Kalmar ita ce "anya".

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, domin shi ya sa na zauna na yi wa kalmar nan kallon tsaf. Shekarun baya kaɗan wani abokina ya turo mini wata manhaja ta waya, ya ce ana zuba kuɗi, bayan kwana 30 su dawo da riba mai tsoka. Ya nuna mini alat ɗin da ya shigo masa, na gani da idona. A lokacin ina da naira dubu 120 da na yi wata bakwai ina tarawa zan sayi kwamfuta. Da daddare na shiga ɗakin Umma jikina na rawa, na zauna na zayyana mata komai, har da lissafi a bayan takarda. Tana tsinke zogale a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da na kai aya sai ta ce, "Anya kuwa?"

Na ce, "Umma, ba za ki gane ba ne, harkar intanet ce."

Ta ce, "To ai shi ke nan. Ni dai abin da nake tambaya, su a ina suke samo abin da suke ƙara muku?"

Ban da amsa, amma ban fasa ba. Na zuba. Watan farko aka biya ni, daɗi ya kwashe ni na mayar da uwar kuɗi da ribar gaba ɗaya. Wata na biyu manhajar ta daina buɗewa, rukunin WhatsApp ɗin ma aka rufe shi ruf. Kwamfutar da ban saya ba ke nan sai bayan shekara guda da rabi.

To ku lura da abin da Umma ta yi. Ba ta ce abokina ɓarawo ne ba. Ba ta ce ni wawa ne ba, duk da cewa da ta faɗa ba ta yi ƙarya ba. Ba ta ma ce kada in zuba ba. Kalma biyu ta ajiye mini a gabana, ta bar ni da su. Wannan shi ne aikin "anya".

Idan mutum ya kawo maka labarin da bai kwanta maka ba, Hausa ta ba ka hanyoyi da yawa. Kana iya cewa "ƙarya kake", wannan faɗa ne, sai dai in abokin wasanka ne. Kana iya cewa "ban yarda ba", wannan ka yanke hukunci, ka rufe ƙofa. Amma in ka ce "anya", ba ka yanke komai ba. Tambaya ka yi. Shakkar taka a kan maganar ka ɗora ta, ba a kan mai maganar ba, shi ya sa zai iya ja da baya ba tare da ya ji kunya ba. Sai ka ji ya ce, "To, ni ma dai haka na ji an faɗa." Kun ga ya sauka ke nan, kuma babu wanda ya kunyata.

Masu nazarin nahawun Hausa suna ajiye "anya" a layi ɗaya da "ko" da "shin", wato kalmomin da ake buɗe tambaya da su. Amma hali ya bambanta. Ku saurari waɗannan:

Shin zai zo?
Ko zai zo?
Anya zai zo kuwa?

Mai "shin" neman sani yake yi, kamar ɗan jarida, bai karkata ko'ina ba. Mai "ko" yana lalube ne, har da ɗan fata a ciki. Mai "anya" kuwa ya riga ya karkata. Zuciyarsa ta fi ba shi cewa mutumin nan ba zai zo ba, kawai bai so ya yanke ne. Akwai kuma wani bambanci da kunnenku ya sani ko da ba a taɓa koya muku a aji ba. Za ka iya cewa "shin wa ya zo?" ko "shin yaushe za a biya?", amma ba ka cewa "anya wa ya zo?". Ba ta zauna ba. "Anya" ba ta shiga tambayar wa, me, ina, yaushe. Tambayar da amsarta e ko a'a ce kawai take shiga, domin dole sai an ajiye magana a ƙasa tukuna sannan a yi shakkarta.

Ita kuma "kuwa" ƙawarta ce ta ƙut da ƙut. Wani lokaci su jeru, "anya kuwa?", wani lokaci "anya" ta tsaya a farkon jimla, "kuwa" ta je ƙarshe ta jira ta: "Anya kuɗin nan za su isa kuwa?" In aka cire "kuwa" jimlar ba ta lalace ba, amma ta ɗan yi gajeren numfashi, ta fi kaifi.

Yanzu ga wurin da ya fi burge ni, ku biyo ni a hankali. Idan ka sa korewa a cikin jimlar "anya", ma'anar juyawa take yi gaba ɗaya.

Anya shi ne kuwa?
Anya ba shi ba ne kuwa?

Ta farko, kana ganin ba shi ba ne. Ta biyu, kana ganin shi ne! Ta farko shakka ce, ta biyu zargi ne. An ɗauke caja a ɗaki, sai yayarku ta ce, "Anya ba Auta ba ne ya ɗauka kuwa?" Duk wanda ke ɗakin ya san Auta ake nufi, amma a zahiri ba ta ce shi ne ba. In cajar ta ɓulla a ƙarƙashin katifarta, sai ta ce ai tambaya ta yi. Haka uwa za ta taɓa goshin yaro ta ce, "Anya ba zazzaɓi ke damunka ba?" Haka tsohuwa za ta ƙare wa amarya kallo ta yi murmushi ta ce, "Anya yarinyar nan ba juna biyu gare ta ba?" Duk abin da ya biyo bayan "anya", akasinsa mai maganar ke hange. Wannan ƙa'ida ce da za ku iya gwadawa a kan kowace jimla.

Sai "anya" da ake haɗawa da suna kawai, ba a ƙara komai. "Anya Sani?" "Anya yaron nan!" Wannan ba shakkar labari ba ce, shakkar hanya ce. Gargaɗi ne. Mai faɗa yana ganin inda ka dosa ba zai ɓulle ba, ko yana ganin akwai abin da kake ɓoyewa. Ka dawo gida ƙarfe 12 na dare ka ce daga wurin karatu kake, Baba ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Anya Sani?" Kai ma ka san ba amsa yake jira ba.

Akwai ta kulawa. Ka kira mutum sau uku bai ɗaga ba, alhali ba halinsa ba ne: "Anya lafiya kuwa?" Nan babu zargi ko kaɗan, damuwa ce zalla. Akwai kuma wadda mutum ke yi wa kansa, kuma ina jin ita muka fi yi a rayuwa. Ka hau adaidaita sahu ka yi nisa, sai zuciyarka ta ce, anya na kulle shago kuwa? Anya na kashe gas? Ka fito daga jarrabawa kana murna, sai ka ji abokanka suna faɗin wata amsa daban, cikinka ya ɗuri ruwa: anya na karanta tambayar nan daidai?

A baki, murya ce ke raba su. Gajeriyar "anya?" da aka jefo da sauri, ƙalubale ce. Wadda aka ja, "anyaaa", ana kaɗa kai, ta wanda ya ga jiya ya ga yau ce. Akwai kuma wadda ake yi da murmushi. Saurayi ya ce, "Wallahi tun safe ke nake tunani." Budurwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Anya kuwa?" Ɗan'uwa, in aka yi maka wannan kada ka tashi kare kanka kamar kana gaban alƙali. Ba ƙaryata ka ta yi ba, ƙari take nema. A rubutun waya kuwa murya ba ta fita, shi ya sa muke ƙara mata a uku ko huɗu, ko mu liƙa mata 'yar fuskar nan mai riƙe da haɓa. Ni na sha ganin faɗa ya tashi a rukuni saboda an rubuta "anya" tsurarta, mai rubutun yana wasa, mai karatun ya ɗauka da zafi.

Wani ɗan abin dariya a gefe. A harshen Ibo "anya" ido ne. Wani abokina da ya yi hidimar ƙasa a kudu ya ce ranar da ya fara jin ana ta "anya, anya" a kasuwa ya ɗauka duk garin babu wanda ya yarda da wani. Sannan don Allah a riƙa bambanta ta da "ayya". "Ayya" ta tausayi ce da jaje. Wani ya rubuta cewa an sace masa waya, kai kuma garin sauri ka rubuta masa "anya", to ka ga maimakon jaje ka ce masa ƙila shi ya sayar da abarsa.

To wa ke ce wa wa "anya"? Nan ma akwai tsari. Daga sama zuwa ƙasa tana gangarowa ba wahala: uwa ga ɗa, malami ga ɗalibi, maigida ga yaron shago. Tsakanin sa'o'i ma babu laifi. Amma daga ƙasa zuwa sama sai an yi mata riga. Ba ka duban mahaifinka ya gama magana ka ce "anya?" ka yi shiru. Sai dai ka ce, "Baba, anya ba a ɗan ƙara bincikawa ba kuwa?" Ka ga ka fitar da shi daga ciki, ka mayar da abin na kowa da kowa. A ofis sai ka ji an ce, "Ranka ya daɗe, anya lokacin nan zai ishe mu kuwa?" Ba a ce lissafin oga ne bai yi ba, lokaci aka ɗora wa laifi. Gaban surukai kuwa yawanci haɗiye ta ake yi ɗungurungum, a ce "to, Allah Ya sa", wanda in kun lura sau da yawa "anya" ce ta sa hijabi.

A kasuwa kuma makami ce. Mai waya ya ce maka, "Wannan ko wata uku ba ta yi a hannu ba." Kai dai juya ta ka ce, "Anya?" Abu biyu ne zai faru. Ko ya buɗe maka ita ya nuna maka lafiyar batir da komai, ko ya hau rantsuwa. Ni dai a ɗan zaman da na yi da 'yan kasuwa, na lura mai kaya mai kyau nunawa yake yi, mai rantsuwa tun ba a kai ko'ina ba kuwa sai a yi hattara. Ba doka ba ce, wani bakinsa ne ya saba. Amma ina sa ido.

"Anya" ba ita kaɗai ba ce a gidansu, tana da 'yan'uwa, kuma babbar yayarta ita ce "wai". Bambancinsu shi ne "wai" ta mai ba da labari ce, "anya" ta mai saurare ce. In na ce, "Wai za a biya albashi gobe", na sanar da kai cewa ji na yi, ban gani ba, kada ka kama ni in ba a biya ba. Kai kuma sai ka amsa, "Anya?" Kun ga an yi ciniki ke nan, kowa ya tsare mutuncinsa. Matsalar da muke ciki yanzu ita ce "wai" tana faɗuwa a hanya. Mutum na farko ya ce "wai an ce", na biyu ya ce "an ce", na uku ya rubuta "DA ƊUMI-ƊUMI" da manyan baƙaƙe. Kafin labari ya zagayo wayarka an wanke shi tas daga duk alamar shakka. "Wai" tana da wasu ayyukan, kamar ta raini a "wai shi mai kuɗi", da ta ƙosawa a "wai me kake nufi ne?", amma wannan sai mun ware mata shiri nata.

Sai "ƙila" da "wataƙila". Asalin "ƙila" Larabci ne, ma'anarta "an ce", ita ce a cikin "ƙila-wa-ƙala" da muke nufin tsegumi da jita-jita. A Hausa ta zama kalmar mai yiwuwa. Ita ba ta karkata kamar "anya", a tsakiya take tsayawa, ta bar wa mai magana ƙofar fita. Shi ya sa ake mata kirari da wadda ta hana Bature ƙarya. Akwai "hala", kamar a "hala ba ka ji ba?", mutanen Sakkwato da Zamfara da 'yan'uwanmu na Nijar kuma za ka ji suna cewa "halama". Akwai "da ƙyar" da "da wuya", waɗanda sun fi "anya" nauyi, don mai cewa "da ƙyar in zai zo" ya kusa yanke ƙauna. In kuma aka kai ga "ina!", to an gama, babu sauran shakka, ƙi ne kai tsaye.

Sunayen abin kansa ma suna da yawa: shakka, kokwanto, tantama, tababa, waswasi. "Shakka" da "waswasi" daga Larabci muka aro su. Wani abin lura game da "shakka" shi ne a bakin Bahaushe ta ɗauki ma'ana ta biyu, wato tsoro ko jin nauyi. "Ba na shakkar kowa" ba ya nufin ka yarda da kowa, yana nufin babu wanda kake tsoro. "Tantama" kuwa an fi jin ta a kore, "ba tantama", "ko tantama babu". Amma duk waɗannan sunaye ne, da su ake ba da labarin shakka. "Anya" ita ce shakkar da kanta a lokacin da take fitowa daga baki.

Karin magana ma bai bar wurin nan ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Wannan kare "anya" ya ce, da nasa salon. In abu ya zo a yadda ba a saba ba sai a ce da walakin, goro a miya, ita ma "walakin" ɗin Larabci ce, ma'anarta "amma". Akwai lauje cikin naɗi. Biri ya yi kama da mutum. Gani ya kori ji. Mutanen da suka tara irin waɗannan maganganu ba mutane ne da ake yi wa wayo da sauƙi ba. Abin tambaya shi ne yadda aka yi mu jikokinsu, da digiri da waya mai tsada, aka fi saurin kwashe mu.

Ku tuna watan Agusta na 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, tsoro ya cika ƙasa. Sai ga saƙo yana yawo cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha, wai yana kare mutum. Da yawanku kuna yara lokacin, amma za ku tuna yadda aka riƙa buga waya tun kafin asuba ana tashin mutane. A gidanmu ma an dafa ruwa, an zuba gishiri, mun yi layi. Abin ya zama abin dariya daga baya, amma ba ga kowa ba: an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma sai da aka kwantar da su a asibiti, don gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Me ya hana mu cewa "anya" a daren nan? Wanda ya kira ka ne. Ba baƙo ba ne, gwaggonka ce, yayanka ne, kuma don yana ƙaunarka ya kira. Ce wa irin wannan mutum "anya" yana da nauyi a baki.

Sai 2016, lokacin MMM, tsarin da wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya kafa. Alkawarinsu ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, mutane suka ce baƙin ciki ake musu. A watan Disamba na shekarar aka daskarar da asusun mutane, kuɗin jama'a da dama suka tafi ke nan. Da an zauna an yi lissafi da "anya" ta fito da kanta. Kashi 30 a wata, in kana mayar da riba, naira dubu 10 za ta haura dubu 230 a shekara guda. Wace sana'a ce a duniya ke ninka kuɗi sau 23 a shekara, kuma mai ita ya rasa wanda zai ba sai kai da bai taɓa gani ba? Amsar tambayar Umma ke nan da na kasa bayarwa: abin da ake ƙara wa na farko, daga aljihun na baya ake ciro shi. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar ake rufe shago. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na san labarin MMM sarai kafin in zuba nawa kuɗin a waccan manhajar. Har dariya na yi wa waɗanda ta cinye. Da tawa ta zo sai ta canza riga, ta zo da Turanci mai kyau da hoton ofis, kuma ta biyo ta hannun abokina.

Amma kada in yi muku wa'azin rabi. "Anya" ba kullum take da gaskiya ba, kuma tana da nata ɓarnar.

Akwai "anya" mai kashe gwiwa. Yarinya ta ce likita take son zama, wani kawu da ko sakandare bai gama ba ya ce, "Anya za ki iya kuwa?" Saurayi ya ce zai fara sayar da takalma ta Instagram, majalisa ta kwashe da dariya, "Anya?" Irin wannan ba ta neman hujja, ko ka kawo ba za ta karɓa ba. Kuma saboda kalmar tana da laushi, ba ka da bakin cewa an zage ka. Ka tafi gida da ita a ƙirji, ta yi ta cinka. Na san mutanen da "anya" ɗaya daga bakin wanda suke ganin girmansa ta sa suka ajiye abin da da yanzu ya zama hanyar cin abincinsu. Ita ma ta zargin nan, "anya ba wance ba ce", ta raba zumunci ba adadi. Ba banza ba Hausawa suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Har a matakin al'umma mun ga wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda shakkar abin da ke cikin maganin. Shakkar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma kafin Kano ta dawo da rigakafin a watan Yulin 2004 cutar ta samu sarari, ta shanye ƙafafun yara, ta tsallaka ƙasashen da a da sun rabu da ita, daga baya har Indonesiya sai da ta kai. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Ga shakka mai dalili, ga kuma tsadar da aka biya, duka biyun gaskiya ne.

Ni yadda nake rarrabe su yanzu, ina sauraron abin da ya biyo bayan kalmar. "Anya" ta Umma ta zo da tambaya a bayanta: a ina suke samo kuɗin? Tambaya ce da ke da amsa, kuma da na kawo amsa mai ma'ana da ta ce Allah Ya sa albarka. Ta kawun nan kuwa babu komai a bayanta, ko an amsa ba za ta gushe ba. Don haka in aka ce mini "anya" yanzu, ba na hawa rantsuwa, ba na kuma yin fushi. Cewa nake, "Wane ɓangaren ne bai kwanta maka ba?" Mai tambayar gaske zai nuna maka wurin, wani lokaci ma ya cece ka. Ɗaya kuwa sai ya ce, "A'a, ni dai kawai." To ka gane.

In kuma kai ne aka turo wa saƙo a rukunin gida, irin mai "tura wa mutum 10" ko "gwamnati na raba dubu 50, danna nan", kuma wanda ya turo babba ne da ba ka iya ce masa "anya" tsurarta, ga rigar da nake sa mata: "Kawu, anya ba 'yan damfara ba ne suka haɗa wannan kuwa? Bari in duba mana kafin kowa ya sa lambar asusunsa." Kun ga korewar nan da muka yi magana a kanta ta yi aiki. Zargin ya tafi kan 'yan damfara, Kawu ya fita fes, har ma ya ce Allah Ya yi maka albarka.

Af, na manta ban ƙarasa muku labarin Umma ba. Ranar da manhajar ta rufe kwana uku na yi ban faɗa mata ba. A na huɗu ta dube ni ina juya tuwo a kwano ban ci ba, ta ce, "Anya lafiya kuwa?" Na faɗa mata. Na jira ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta ce Allah Ya mayar da alheri, in ci abinci kada ya huce.

Nan za mu dakata a yau. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu "wai" za mu ɗauko, har da dalilin da ya sa ake cewa "ba wai" in ana son tabbatar da magana. Ku huta lafiya.